Hujin da ke Rufi

Ran Laraba aka sauke ta a Tinkan,
akwatin ƙarfe mai taya huɗu, ba kai, ba sitiyari,
sai dogon hanci da ake maƙala wa mota ta ja.
Iya Folake ta saye ta a gwanjo,
ta ce, Malam, cire komai, kifi zan zuba.

Na buɗe ƙofar baya.
Warin roba, da na wani mai da ban sani ba.
A daɓen katako layi biyu sun lotsa
kamar an shekara ana jan garma a wurin.
Yarona Tanimu ya lalubo hoton a waya:
wai babur ne, amma ba taya,
gaba takalmin zamiya, baya sarƙar katafila,
kan ƙanƙara yake gudu
a ƙasar da numfashi ke daskarewa a gemu.
Na ce ƙarya. Ya ce to ga shi.

Bango an cusa masa soso, kaurin katifa.
Ƙugiya shida ta rataye riga.
Safar hannu guda, ta hagu, babban yatsa ya huje.
Can a lungu, ɗaure da noti huɗu,
ɗan murhun gas mai fanka a ciki,
ba na girki ba,
na ɗumama mutum kawai.

Ɗumama mutum, a Legas!
Gumi na ɗiga daga haɓata zuwa kan sifana,
muka yi ta dariya har mai shayi ya leƙo.

Noti uku sun kwance, na huɗu ya yi gardama.
Na kwanta rigingine in sami ƙarfinsa,
sai na hango shi a rufi:
huji, faɗin tafin hannu, da raga, da 'yar hula,
an yanka shi da gangan, an goge bakinsa sumul.
Hannun da ya toshe kowace kafa
shi ya bar wannan a buɗe.

Sifana ta tsaya.

Nomau.
Daminar da rana ta yi kwana tara ba ta leƙo ba,
tirelarsa na layi a Apapa, mako na uku,
sanyin teku ya kai masa ga ɓargo.
Ya ari kurfoti wurin mai gasa masara,
ya shiga da shi kan mota, ya ɗage gilasai,
ya cusa tsumma inda ruwa ke yoyo.
Mutum ne mai kammala aiki, Nomau,
bai bar ko kafar allura ba.
Da asuba muka buga, muka sake bugawa.
Garwashi ya koma toka, fara tas.
Fuskarsa ba alamar wahala,
kamar wanda ya nemi ɗumi ya samu.
A Agege muka rufe shi, laka na ƙwace mana silifa.

Ban san sunan mai akwatin nan ba,
ban san yarensa ba, balle alƙiblarsa.
Amma ina ganinsa ya dawo da dare, yatsu sun ƙage,
ya kunna wuta, abokai sun kewaye ta,
tururi na tashi daga kafaɗunsu,
kuma kafin barci ya ɗauke shi
sai ya ɗaga kai ya dubi hujin nan.
Wa ya koya masa?
Wa ya rasa kafin ya koya?

Gobe zan ɗaura injin sanyi.
Akwatin da aka gina don korar sanyi a can
shi zai yi gadinsa a nan, don kifin ƙanƙara.
Iya ta ce a liƙe rufin, kar kuɗinta ya zirare ta sama.
Zan liƙe, ai aikina ne.

Sai dai hular da ragar ban haɗa su da gwangwan ba.
Suna aljihuna har Ijora,
ɗakinmu mu bakwai, taga ɗaya, ita ma a ƙusance.
Hadari ya taso daga wajen gada.
Tanimu na haska mini da tocila,
ni ina kan benci,
ina auna kwanon rufi da tafin hannu.